Allurar Yaya Talatu

Wata Asabar ce a watan Mayu na shekarar 1996. An kwana ana ruwa, jar ƙasar Sankilo, kamar yadda muke kiran unguwarmu ta Kilomita Biyar, ta zama taɓo. Inna ta sa mu gaba, ni da Yaya Talatu, za mu unguwar Miskine a yi wa Yaya allurarta ta wata-wata. Shekarata tara, ita kuma sha uku. Ba mu wuce masallacin Koudoukou ba muka ji ƙarar bindiga daga wajen cikin gari. Nan da nan 'yan kasuwa suka fara jan ƙofofin shaguna, mata masu sayar da garin rogo suka kinkimi kwanukansu suna gudu. Wani mai tura amalanke ya ce wa Inna da yaren Sango sojoji ne suka sake bore, ta mayar da 'ya'yanta gida. Inna ta juya tana salati. Yaya kuwa sai ta matse mini hannu ta raɗa mini, "Allah ya yi wa sojojin nan albarka." Muka yi ta ƙunshe dariya har gida, domin allurar nan zafi ne da ita, takan bar ta da ɗingishi.

Ciwon ya faro ne shekara guda kafin nan da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Aka kira wanzami ya cire mata beli, abin ya lafa, kowa ya manta. Bayan 'yan makonni sai gwiwarta ta kumbura ta yi jajir, ko zani ne ya goge ta sai ta yi ƙara. Kafin a gama jinyar gwiwa, ciwon ya tashi ya koma idon sawu, daga nan ya haye wuyan hannu, kamar baƙon da bai san ɗakin da aka sauke shi ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce likitar gidanmu a sha'anin ƙashi, don ta fi kowa daɗewa da shi. Kowace safiya sai an tsoma tsumma a ruwan zafi an gasa mata gwiwoyi, a shafe su da man shanu da man zafi, sannan ta iya miƙewa tana dafa bango. Da ta ga ƙafar Yaya ko gezau ba ta yi ba. Ta ce sanyin ƙashi ne, nata ne, ta san shi kamar yunwar cikinta. Har tsokanarta take yi: "Ke ƙawata, duk kayan da na tara kin rasa abin gada sai gwiwa?" Aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya a gindin mangwaro, ana gasa su tare, suna gardamar wadda ta fi wata raki.

Madam Odil ce ta ƙi yarda. Malamar asibiti ce, Kirista mai zama a Miskine, tana sayen atamfa a shagon Baba, ta saba da Inna har suna musayar kwano ranar salla da Kirsimeti. Ita ta kai mu wurin likita. Ya daɗe yana sauraren ƙirjin Yaya, ba gwiwar da muka kawo masa ba. Sannan ya yi wa Inna bayani cewa ciwon gaɓɓai iri-iri ne. Na Kaka na shekaru ne, guringuntsi ne ya cinye, inda ya zauna nan yake zama. Akwai wani mai lanƙwasa yatsun manya. Na Yaya kuwa daga ƙwayar cutar maƙogwaro ya samo asali: jiki ya tashi yaƙarta sai ya haɗa da gaɓɓansa, ya haɗa da zuciya. Gaɓɓan za su warke sarai, amma duk dawowar da ciwon zai yi, zuciya ce za ta ji a jikinta. Maganin shi ne allurar fenisilin duk wata, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, har ta girma.

Yaya ta warke kuwa. Ta koma lakwal, wato makarantar boko, da safe, makarantar allo da yamma. Ita ke jan ruwa a rijiya ta cika randuna kafin in gama sharar tsakar gida. In tana dakan ganyen rogo, wanda muke kira ngunza, har lugude take yi, tana tafi kafin taɓarya ta sauko. A tsallen igiya ba wadda ta kai ta a layinmu, a carafke kuma zamba take mini ƙiri-ƙiri, in yi kuka, ta saya mini ƙosai mu shirya.

Wannan lafiyar ce ta yaudare mu. Boren ya kulle mu a gida, aka wawashe shaguna da kantunan magani. Da ƙura ta lafa sai muka ji Madam Odil, mai yi wa Yaya allurar, ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu. Ba a gama numfasawa ba, a watan Nuwamba aka sake wani boren da ya fi na baya daɗewa, aka kakkafa shinge a tituna. Inna ta sha tayar da maganar allura. Baba, wanda aka fasa wa shago, yakan ce a bari gari ya zauna. Kaka kuma ta ce, "Wa ya taɓa ganin an ratsa harsashi da mai tsallen igiya don a kai ta asibiti?" A gidanmu magani na mai kwance ne. Babu mugu a cikinsu, kowa sonta yake yi, kuma ita kanta Yaya tana bayan Kaka.

Damina na zagayowa maƙogwaron ya dawo. Gwiwar ta ɗan motsa, aka gasa, ta lafa, Kaka ta ce ai ga shi ta faɗa. Amma sai Yaya ta fara ajiye taɓarya tsakiyar daka tana haki. Guga ya gagare ta. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga, kwanciya ta gagara sai an jingina ta da bango. Da aka samu aka kai ta babban asibiti, likita ya ce ƙofofin zuciyarta sun lalace, gyaransu sai aikin tiyata a ƙasar waje. Inna ta roƙe shi ya yi mata allurar yanzu, ko guda nawa ne. Ya ce za a yi, amma allura ba ta gyara abin da ya riga ya lalace.

Ta rasu wata ranar Laraba da hantsi, kanta a cinyar Kaka. Na yi kuka har muryata ta dushe, amma halin Kaka ya fi ba ni tausayi, don ita ba ta zubar da hawaye ba. Washegari da na kawo mata ruwan gashi sai ta ture kwanon, ta ce, "Bar su su yi ciwo." Ta yi shekaru bayan haka tana jan jiki, ba ta ƙara yarda an taɓa gwiwoyin ba har ta koma ga Allah.

Yanzu akwai kantin magani kusa da tsohon gidanmu, allurar da ta gagare mu tana nan a kan kanta. Da yawa daga maƙwabtan wancan zamani sun watse, yaran layin ma Sango ya fi musu sauƙi a baki. Ni kuwa in ɗana ko 'yata suka ce haɗiya na musu zafi, ba na jiran gobe, har mata suna mini dariya wai ni matar likita ce. Har yau Yaya nake ce wa Talatu, ga shi kuwa babbar 'yata ta girme ta.