Gefen da Usaini Ke Yankewa

A kasuwar Sabon Birni kowa ya san Usaini mai tura fim a waya da faifai, wanda kuma ke ɗaukar bidiyon biki da suna. Mutum ne da ya tsani ƙorafi. In fim ya zo da baƙin layi sama da ƙasa, masu saye sai su ce an cuce su, an ba su rabin allo. Shi ya sa yake zuƙo hoto har ya cika tsohuwar talabijin taf. Shekara tara yana haka, gwanin naku bai taɓa tambayar ina gefe da gefen ke tafiya ba.

Wata rana da hantsi Adda, wata dattijuwar Bafulatana daga Kurawa, ta faɗo shagonsa, masu tsaron gari uku da bindigogi a bayanta. Suna tsare da ɗanta Wakili, wai an gan shi cikin waɗanda suka kore shanu a Gangara ranar Juma'a.

"Ɗan nan, ranan nan shina garin Isa wurin sunan ɗiyar Fatihu," ta ce. "Kai kaɗ ɗauki hoton. Gwada musu."

Usaini ya sa faifan sunan. Ga liman, ga maroƙi, ga 'yan barka, har ƙarshe babu Wakili.

"Tsohuwa, mun yi haƙuri da ke," in ji babbansu. "Za mu tahiya."

Usaini ya san inda irin wannan tafiyar ke ƙarewa. Tsoro ya kama shi, ya roƙi a maimaita. A wurin yankan rago ya hango hannu a bakin allon, riƙe da ƙafar ragon, hannu ba mai shi. Sai ya tuna da gefen da yake yankewa.

Ya zare katin kyamara mai ɗauke da asalin hoton ya cusa a kwamfuta. Hoton ya fito da faɗinsa, baƙin layi sama da ƙasa. Can hagu ga Wakili a tsugune, yana dariya.

Babban ya daɗe yana kallo, sannan ya buga wa masu tsare da Wakili waya. Sai a kira na uku aka amsa.

"Ku dakata. Ku kwance shi."

Adda ta sulale ƙasa tana salati. Usaini ya zare katin ya dube shi. Katin nan shi ya ɗauko da safe zai goge, don yana da ɗaurin auren da zai ɗauka bayan azahar.