Magidanci a Kotun Yara

Guntu mai gyaran wuta yana da shekara talatin da bakwai, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, tsani biyu, da gashin gemu guda uku da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Tsawo kuwa, babbar 'yarsa ta wuce shi tun tana aji biyar. A wurin sana'a wannan jiki ni'ima ne. Ramin silin da ya gagari kowa, shi sai ya shige da fulaya a baki, ya fito da yanar gizo a ka, wuta ta dawo. Amma da ya sauko sai mai gidan ya shafa kansa ya ce, "Sannu yaro, ina ubangidan naka?"

Ya gwada takalmi mai tudu, ya gwada kaurara murya har maƙogwaronsa ya yi ciwo, duk a banza.

Ana nan sai wani sabon mai aski ya buɗe shago a layinsu. Guntu ya shiga. Mai askin ya ɗauko katakon da ake gicciya wa yara a kan kujera, ya ce, "Hau, kuma ban da kuka." Guntu ya yi jifa da katakon, madubi ya sauko gida goma sha ɗaya, ya tafi da kwalbar turare biyu da agogon bango.

Ɗan sandan da aka kira ya tambayi Guntu shekarunsa, ya faɗa. Ɗan sanda ya yi dariya ya rubuta sha huɗu. Haka aka kai Guntu kotun yara bisa laifin ɓarnata dukiya, aka ce ya zo da babba. Matarsa ta rako shi.

Ɗaki ne mai tebur ɗaya da kujera shida, babu akwatin tuhuma, babu 'yan kallo. Alƙaliyar ta turo masa biskit, sannan ta dubi matar.

"Ke ce mahaifiyarsa?"

"Ni nake ɗawainiya da shi, ranki ya daɗe."

"Yana jin magana a gida?"

"Ina fa! Ko wanka sai an kai ruwa rana."

Guntu ya buɗe baki, ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. "Maigida, yi shiru," ta raɗa masa. "A nan shara za su sa ka. A kotun manya gidan yari ne."

Ya haɗiye maganar, ya bi ta da biskit.

"Ɗana, in ka girma me kake so ka zama?" in ji alƙaliyar.

"Mai gyaran wuta," ya ce, yana kallon fankar ɗakin da aka haɗa wa waya a karkace.

"Madalla, sai ka dage."

Ta yanke hukunci: ya ba mai aski haƙuri, ya riƙa share masa shago, ya koma makaranta, kuma kada rana ta faɗi yana waje. Matar ta roƙi a ƙara da wanke-wanke, aka ƙara. Duk ya daure, har alƙaliyar ta hango fulaya a aljihunsa.

"Wannan kuma a karɓe. Kayan manya ne, zai ji ciwo."

Guntu ya miƙe.

"In za ka yi magana ka tashi tsaye, ɗana."

"A tsaye nake! Ni fa magidanci ne! 'Ya'yana huɗu, kuma wannan matata ce!"

Alƙaliyar ta juya ga matar, wadda dariya ta riga ta kayar da ita kan tebur. "Mijina ne, ranki ya daɗe. Ai ban taɓa cewa ni na haife shi ba."

Alƙaliyar ta janye sauran biskit ɗin, ta tura shari'ar kotun manya.

Can kuwa ɗaki ya cika maƙil. Alƙalin, wani tsoho mai faɗa, ya saurari ƙarar, ya daka masa tsawa: "Kai ƙaton banza! Magidanci da kai, uban 'ya'ya, kana fasa kayan mutane? Za ka sayi madubi, kuma za ka ɗan kwana biyu a gidan yari. Kana da abin cewa?"

Guntu ya washe baki har kunne.

"Ranka ya daɗe, don Allah a maimaita ta farkon da ƙarfi. Mai askin yana can baya, bai ji ba."