Tsohuwa Mai Goyon Jaka

"Jama'ar Zango, a ba da hanya! Ga Janar ta tsofaffin Wagadugu!"

Indabo ne ke shela daga rumfar mai shayi, yana nuna wata tsohuwar da bai taɓa gani ba. 'Yar siririya ce, tana goye da shuɗiyar jakar masu hawan dutse, ta gwanjo. Launin ya koɗe, amma ɗinki bai saki ba. Da gani sun sha kwana tare a kasuwannin ƙauye.

Ruwa na tsugawa, masu kaya a ka duk sun fake. Ita kuwa ta ƙara tamke ɗamarar jakar a ƙugu, ta ratsa titi hannu sake. A bakin tasha ta buɗe, ta shafa atamfofin sayarwarta. A bushe suke ƙayau!

Indabo ya biyo ta, ya sara mata. "Iya, mene ne sirrin?"

"Rufewa na yi, ɗan nan. Matsa, mota za ta bar ni."