Dariyar Baba a Ƙasar Gishiri

Duk gidanmu a unguwar Mahjar ta Jidda an yarda cewa Baba wahala yake sha a wajen aikin gishiri. Umma ta yarda, yayyena sun yarda, maƙwabta ma in an ambace shi sai su ce Allah sarki. Ni ma haka na ɗauka, don in ya zo gida, sau ɗaya a wata biyu, bakin ƙofa yake zama yana shafa wa kaushinsa mai, ba ya ce wa kowa uffan. To, ba haka ba ne. Na je na gani.

Likita ne ya ce jininsa ya hau, aikin rana ba nasa ba ne yanzu. Umma ta ƙulle maganin a leda ta miƙo min. "Ke ce mai baki. Ki je ki ce masa halas, ya isa haka, ya dawo gida." Kawuna ne ke tuƙa motar da ke ɗauko gishirin, shi ya tafi da ni.

Mun bar Jidda da sassafe muka yi kudu, teku a hannun dama. Can Kawu ya saki kwalta, ƙasa ta fara fari, ta yi ta fari har na rasa inda ta ƙare sama ta soma. Sabkha suke ce mata. Ba itace, ba tsuntsu, ko ƙuda ban gani ba.

Na hango su can nesa, mutum biyar ko shida, suna jan gishiri da manjagara suna tara shi tsibi-tsibi. Akwai wata siririyar hanya da sawun ƙafa ya fitar, sai kewaye-kewaye take yi. Ban ga dalilin bin ta ba. Na tattare abayata na miƙe sak. Ban yi taku ashirin ba ɓawon gishirin ya fashe, na nutse har gwiwa cikin baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Baba ya zo ta hanyar kewayen, ko sauri bai yi ba. Ya miƙo min ƙotar manjagara.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "a nan sawun mutane ake bi."

"To me ya hana ku sa alama?"

"Ai ga shi kin sa mana."

Takalmina ɗaya na can har yau.

Aka kai ni ƙauyen Larabawan da yake wa aiki, 'yan gidajen bulo da garken raƙuma a bakin farar ƙasar. Matan suka ja ni ciki. Ruwan daɗi a mota ake kawo musu, amma suka wanke min ƙafa da shi. Wata tsohuwa ta kwaɓa lalle ta danna min a tafin ƙafa, ta ce shi ke hana gishiri tsaga fata. Aka kawo gahawa da dabino, da busasshen kifin da suke shanyawa a igiya. Larabcinsu nauyi gare shi, nawa na Jidda kuma dariya yake ba su.

"Ke ce 'yar liman?" in ji tsohuwar.

Na ce a'a, 'yar mai jan gishiri ce. Suka kalli juna. Ashe Baba ke ba su salla. In mutum biyu sun saɓa, shi ake kira.

Maza na cin abinci a bayan bango. Ina zaune, ƙafa a ɗaure cikin leda, sai na ji wani yana ba da labari, yana kwaikwayon muryar raƙumi, ya kece da dariya har da tari. Sai da na jima kafin na gane muryar. Shekarata ashirin da biyu, ban taɓa jin dariyar nan ba. Matan ko ɗaga kai ba su yi ba, su sun saba. A ɗakin nan kowa ya san ubana, ban da ni.

Da la'asar Kawu ya gama lodi. Na ba Baba ledar maganin a jikin mota.

"Uwarki ta ba ki saƙo?"

"Ta ba ni. Baba, me ya sa ba ka dariya a gida?"

Ya daɗe yana juya ledar. "A gida kowa tausayina yake ji. Ta ina zan fara?"

Kawu ya danna ham. "Yalla, mu je, rana na tafiya."

Ban faɗi saƙon ba. Na san jininsa bai sauka ba, na san ranar can ba ta da kirki. Amma in ce masa ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, bakina bai iya ba. Har muka hau kwalta ina kallonsa ta madubi, shi kaɗai tsaye cikin farin nan.

Kafin mu shiga Jidda na yanke shawara. Zan gaya wa Umma ban isar da saƙon ba. Tafiyar Kawu ta gaba ita za ta zauna a kujerar nan, a kai ta bayan bangon ta ji da kunnenta. In har bayan haka tana so ya dawo, ta faɗa masa da bakinta.