Sarkin Yaƙin da Biri Ya Kora

A unguwar Mansur ta ƙasa mai tsarki aka haife ni, gidanmu a saman shagon mai tsire, don haka dawa a wurina abin tatsuniya ne kawai. Sai da Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata da ke karatu a jami'a, ya fara kwasar yaran dangi lokacin hutun sanyi zuwa wani kwari a hanyar Ɗa'ifa. A can yake kafa mana masarauta ta wasa. Akwai Sarkin Ruwa mai raba abin sha, akwai Sarkin Wuta da ke koyon hura ta da busasshen itace, don ɗanye haramun ne a masarautar. Ni aka naɗa Sarkin Yaƙi, aka ba ni takobin katako da gadin abinci. Kakarmu Inna ba ta yarda a tafi babu ita. Da an idar da magariba sai ta miƙe ƙafafu a bakin wuta, ta ja mayafi, mu kewaye ta.

A fitar da ba na mantawa, da la'asar ina tsaye kan kwalin abinci ina ta cika baki, sai wani ƙaton biri ya sauko daga dutse. Bai yi sauri ba. Ya zo ya dube ni, ya buɗe haƙora. Na yar da takobin na runtuma har bayan mota, kuma da na tsaya na ga gaban jallabiyata a jiƙe. Kowa ya gani. Yaran suka dinga kirana "khawwaf", wato matsoraci, har da ƙanwata.

Da yamma na zauna nesa da wuta.

"Maigida, matso," in ji Inna, don haka take tsokanata. "Ba na tatsuniya mijina yana bayan gari."

Ta ba mu labarin wani gari a gindin dutse, inda birai ke cin 'ya'yan itacensu a sama, ba ruwansu da mutane. Wata rana wani fatake ya jefa musu dabino don ya yi dariya. Mutanen gari suka ga abin da daɗi, kowa ya shiga jefawa. Birai suka manta hanyar itatuwa, suka koyi hanyar rumbu. Sarki ya tura jaruminsa, jarumi ya ga haƙora ya dawo ba takobi. Ana shirin tuɓe shi sai wata tsohuwa ta ce a fara tara duk wanda ya taɓa jefa wa biri abinci, wanda ya rage shi ya yanke hukuncin. Aka duba, har sarki a ciki.

Inna ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Da safe wa na gani yana jefa burodi a kan dutse?"

Yaran suka shiga kallon juna. Kawu Sani ma ya sunkuyar da kai, don shi ya fara, yana ɗaukar hoto. Na soma jin sanyi a raina, sai ta juyo gare ni.

"Kai kuwa gudun ka yi, ba zan ce ba ka yi ba. Je ka canza riga ka zo ka ci abinci."

Na daɗe ina zaton don ta rufa mini asiri ta ƙirƙiro labarin. Sai da na girma na gane ba ta ɗauke mini kunyar ba, rarraba ta ta yi, kowa ya ɗauki rabonsa. Inna ta rasu. Yanzu in na bi hanyar nan ina tuƙi, nakan ga birai jere a bakin titi suna miƙa hannu, ledoji rataye a ƙayoyin itatuwa. 'Ya'yan yayata sukan ce in tsaya su jefa musu biskit. Sai in rage gudu in soma ba su labarin da Hausata da ta gauraye da Larabci, ina lalubar kalmomin da ita ba ta taɓa lalube ba.