Ruwan Shuka Ya Sauka Ana Gobe Jarrabawa

Jiya ruwan shuka ya sauka. Ban gama shiga biro, wato ofishina, ba sai ga wani ɗalibina, ɗan garin Gangara, yana neman izinin tafiya gida. Babansa ba lafiya, ba mai shuka musu hatsi. Ga jarrabawa washegari, wato yau.

Na ce masa doka ba ta yarda ba.

Sai ya ce, "Mushe, malamina, ku a zamaninku yaya kuka yi?"

Ni ma a jami'ar nan na yi karatu, lokacin ɗaki biyu ce a gidan haya. Da ruwa ya sauka, dattijon da ya kafa ta da kansa yake rufe ƙofa, ya ce, "Ku tafi gona, takarda tana jira, laimar ƙasa ba ta jira."

Yau muna da bene, da katanga, da ɗalibai har daga Yamai. Tsarin jarrabawarmu kuwa bai san damina ba.

Yaron dai ya tafi. Kujerarsa na kalla yau da safe a ɗakin jarrabawa, ba kowa a kanta.

Jama'ar yankinmu na Damargu, ku gaya mini: girma muka yi, ko mantuwa?