Shakazoban Aro

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ina jan wata tsohuwar fijo tsakanin Tajaye da Konni. Ita ke ci da mu, ita ce kuma ke kai Inna wurin likita duk Laraba saboda ciwon baya. Sai takardar bizit ɗina, ta gwajin lafiyar mota, ta ƙare. Jandarman shingen hanya ya ce in ya sake ganina babu sabuwa, motar a wurinsu za ta kwana.

Matsalar shakazoba ce, wadda ma'aikata ke ce wa amortisar. Gwajinta ba wuya: ka danna gindin mota ka saki. In ta durƙusa sau ɗaya ta miƙe, lafiya lau. Tawa kuwa sai ta yi ta durƙuso kamar ta ga surukai.

Mu direbobin tasha muna da dabararmu. Akwai sabbin shakazoba wurin wani makanike, kowa ya ara ya je bizit ya maido. Har ɗigon jan fenti ya sa musu don kada a musanya masa. Na ara ranar Talata, Laraba na ɗauko Inna, in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ma'aikacin bizit, wani dattijo, ya danna motar, ta durƙusa ta miƙe tsaf. Ya leƙa ƙasa ya daɗe.

"Direba, waɗannan masu jan goshin ai mun saba. Ko shekaranjiya sun zo gaishe ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zumunci gare su." Ya girgiza kai, ya buga hatimi.

A hanyar komawa ina ta murna, sai na ji bayan mota tsit. Na duba madubi. Inna ce ke barci, baki buɗe! Duk zirga-zirgarmu ban taɓa ganin ta runtsa ba, kullum tana riƙe da kujera tana salati, ni kuwa na ɗauka tsoron gudu ne.

A ƙofar gida ta farka, ta sauko ba ta nemi hannuna ba.

"Kai, Allah shi saka wa gwamnati," in ji ta. "Yaushe aka gyara hanyar nan?"

Wallahi kunya ta kama ni. Da la'asar makanike ya zo da sifana zai kwance kayansa. Na tare shi a ƙofa, na nuna masa ragon da nake kiwo don layya, na ce wannan zai kwance, ba shakazoba ba.